Facin da Ya Hau Sama

Tun da tela maƙwabcinmu ya sayi madubin hangen taurari, matarsa ta daina dariya da shi. Ita a ganinta mutum mai jikoki bai kamata ya kwana a saman bene yana leƙen abin da bai shafe shi ba. Shi kuwa burinsa ɗaya ne, ya ɗauko hoton gungun taurari mai nisa, ya ajiye mata a gaba, ko ta sake kallonsa da mutunci.

Aikin yana da wata ƙa'ida. Bayan hotunan sama, sai an ɗauki hoton wani abu fari fat, don kwamfuta ta gane dattin gilashi ta cire shi. Masu hankali farar riga suke ɗaurawa a bakin madubin. Tela kuwa ƙyuya ta hana shi, ya hango zanen gado a kan igiyar shanya, ya saita shi ya ɗauka abinsa.

Da hantsi kwamfuta ta gama haɗa hotunan, sai ga wani abu a gefe, fari, a nannaɗe kamar dodon koɗi. Ya duba taswirar sama, babu shi. Ya ruga da gudu yana ƙwala wa matarsa kira.

"Maman yara! Zo ki gani! Na gano gungun taurarin da ba wanda ya taɓa gani, kuma sunanki zan sa masa!"

Ta zo da ludayi a hannu, ta daɗe tana kallo. Sai ta yi dariya har da riƙe ciki, irin wadda ya yi wata da watanni yana nema. Kafin la'asar ta sa an wanko hoton, an rataye shi a falo, ta kira maƙwabta.

Daga baya tela ya je kwashe shanya. Yana ninke zanen ya ci karo da facin da ya yi masa bara, inda dutsen guga ya ƙona. Ɗinki ne a nannaɗe, zagaye kan zagaye, aikin hannunsa sak. Ashe shi ne ya fito a hoton. Wallahi ya ba ni tausayi, tsaye da zane a kafaɗa kamar wanda aka kora daga gida.

Ya same ta a kicin, ya yi ta kame-kame.

"Maman yara, wannan gungun taurarin fa..."

"Facin zanen gado ne," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Maigida, kullum a kansa nake kwana, yana sukar haƙarƙarina. Kallo ɗaya na yi masa na gane."

"To me ya sa kika tara mana jama'a?"

Ta ajiye ludayin, ta dube shi.

"Tun da muka yi aure ba ka taɓa sa wa ko akuya sunana ba. Yau ka rugo da gudu kana kirana. Idan ka kuskura ka sauke hoton nan, a saman bene za ka ci abinci."