Ƙafar Obed Ta Bushe

Kututture ne ya soki Obed a tafin ƙafa ranar da 'yan bindiga suka kore su daga gonarsu ta Kusasu. A jikin wani, wannan ko labari ba zai zama ba. Amma Obed yana da ciwon suga, shi ya sa har suka tare a ɗakin aro a Birnin Gwari gyambon bai daina ruwa ba. Ma'aikaciyar jinya ta duba, ta ce wa matarsa Lydia abin ya wuce wanki da bandeji, a kai shi Kaduna a buɗe a kwashe naman da ya mutu, in ba haka ba zai rasa ƙafar.

Lydia ta ce to, amma a baki kawai. Hanyar Kaduna ce ta ci ɗanta Micah, ko gawarsa ba ta gani ba. Tun daga lokacin, ko ƙarar mota daga tasha ba ta son ji. Ta rasa ɗa a wannan hanya, yanzu kuma a ce ta ɗauki miji da hannunta ta kai mata?

Sai ta tuna da bagaruwa. A gidansu da ita aka rene su: a daka busasshen kwanson, a tankaɗe, a barbaɗa a ciwo, kuma da zarar ciwo ya bushe an gama da shi. Don ta ƙara samun ƙarfin zuciya ta kira 'yarta Comfort, wadda ke karatun haɗa magunguna a Zariya.

"Gaskiya ne, Mama," in ji Comfort. "Akwai sinadarai a bagaruwa, muna ce musu fenolik asid. Mun gwada a makaranta, suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma a cikin faranti muka gwada, ba a ƙafar mai suga ba. Don Allah ki kai Baba Kaduna."

Kunnen mai jin tsoro yana da zaɓe. Rabin farko Lydia ta ɗauka, ta bar wa Comfort sauran. Har a coci ta riƙa faɗa da alfahari cewa 'yan boko ma sun sara wa bagaruwa.

Ita kuwa bagaruwar ta yi aikinta. Ruwan ya tsaya, bakin gyambon ya tsuke, ya yi baƙi, ya yi tauri. Motocin Kaduna suka yi ta tashi da rakiyar sojoji, Lydia tana jin su tana gode wa Allah ba ta cikinsu.

Da garin bagaruwar ya ƙare, kuma daji ba ya shiguwa balle ta je ta tsinto, aka ce ta je wurin Bakoji majemi a bayan kasuwa, shi ba ya rabuwa da ita. Ta same shi da hantsi a durƙushe, yana kankare fatar akuya da wuƙa, gefensa kwatarniya cike da jiƙon bagaruwa. Ya ɗebo mata, ta tsaya kallon yadda yake bin fatar lungu-lungu.

"Malam Bakoji, wannan wahala fa? Ka tsoma ta haka mana, ai bagaruwa ba ta barin ruɓa."

Ya yi dariya. "Maman Comfort, ai ba ta shiga nama. In na bar tsoka a jiki, sama za ta jemu ta yi kyau, ƙasa kuwa tana can tana ruɓewa. Sai ranar da mai jaka ya zo ɗinki wari ya tona mini asiri."

Ya ci gaba da kankararsa, bai san abin da ya faɗa ba. Lydia ta bar ƙullin bagaruwar a nan ƙasa, ta kama hanyar gida, ba tafiya ba, ba gudu ba.

Obed yana zaune a tabarma yana sauraren rediyo. Ta durƙusa ta ɗaga ƙafar ta aza a cinyarta. Tafin ya yi sumul kamar bayan takalmi. Yatsun sun yi duhu, kumburi ya haura idon sawu, abin da ta yi ta ce wa kanta rashin tafiya ne. Ta sa babban yatsa ta danna gefen ɓawon da dukan ƙarfinta. Wurin ya lotsa, wani ruwa ya tsattsafo, warin ya cika ɗakin.

Ta ɗago a tsorace, tana jiran ihunsa. Addu'a take yi ya yi ihu, don nama mai rai ne ke jin zafi.

"Baban Comfort, da zafi?"

Obed ya rage rediyon, ya dube ta da murmushin mutumin da ya yarda da matarsa.

"Ina fa zafi, ai kin warkar da ni," ya ce. "Kin ma taɓa ne?"