Kujerar Bayan Fijo

Warin ne ya fara tarar Griselda tun kafin ta hango filin. Warin ƙonanniyar roba, mai kauri, irin wanda yake maƙalewa a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Ta sauka daga bas, ta toshe hanci da bayan hannu, ta bi hanyar ƙasa zuwa filin tsere na bayan gari, inda samari ke taruwa ran Lahadi suna wasan zamiya da tsofaffin motoci har tayoyi su narke.

Tun farkon mako Lisandro, wanda za ta aura ran Asabar mai zuwa, ya karɓi makullin Fijo, tsohuwar motar gidan su Griselda. Ya ce zai kai ta a wanke, a goge, a ɗaura mata farin ƙyallen amarya a goshi. Har sumbatar hannunta ya yi da yake faɗa. Sai ɗazu, ana tasowa daga coci, wata ƙawarta ta turo mata bidiyo: ga Fijo ruwan madara tana tafiya a karkace cikin hayaƙi, lambarta ɓaro-ɓaro.

A garinsu amarya a kujerar baya take zuwa coci, mahaifinta a gefenta. A wannan kujerar mahaifiyar Griselda ta zauna ranar nata auren. Ita ta saƙa wa kujerar farar shimfiɗa da hannunta, kuma tana raye babu ɗan da ya isa ya ci ko biskit a kai. Ko a gadon asibiti, muryarta ta shige ciki, abin da ta ce ke nan: "Ki zauna a gefen dama, inda na zauna. Zan san kin je." Griselda ta yi mata alkawari. Tun daga ranar, duk sanda ta rufe ido ta hango aurenta, ba fuskar ango take fara gani ba, wannan kujerar take gani.

A bakin shinge mutane sun yi cincirindo suna ihu. Ta kutsa. Sai ga ta nan ta ɓullo daga kwana, motar da ta kai su bakin teku suna yara, motar da ba ta taɓa sanin gudu ba sai na zuwa kasuwa. Gindinta ya fita waje, hancinta na kallon ciki, tana kuka kamar akuyar da ake yankawa da dakusasshiyar wuƙa. An cire mata bamba. An manna mata wata lamba ja a ƙofa. Ɓarɓashin taya ya fantsamo ya sauka a farar rigar Griselda, baƙi, mai ɗumi, mai danƙo. Ta sa yatsa za ta kaɗe, ya ƙara shafewa.

Ta zagaya baya, inda ake ajiye motoci. Can aka hura gawayi, nama da choriso, wato niƙaƙƙen nama da aka ɗura a hanji, suna ɗiga a kan waya, ƙudaje na shawagi. Wasu maza uku sun baje a kan wata kujera da aka dasa a ƙasa kusa da wutar, ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a garin, na zagawa a tsakaninsu. Sai da ta matso ta gane. Shimfiɗar ce ta fara ganewa, ko abin da ya rage na farinta. Maiƙo ya yi mata taswira. Wani ya kashe sigari a hannun kujerar. A gefen dama wani kare mai ƙazuwa ya naɗe yana lasar tsakanin ƙafafunsa.

Fermín, abokin Lisandro mai ƙaton tumbi, ya ɗago yana tauna. "A'a, amarya da kanta. Zo ki zauna mana, kujerar gidanku ce ai." Ya goge yatsunsa a shimfiɗar, ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mata ƙoƙon. "Sha. Ruwan bai huce ba."

"Tashi," in ji ta.

"Kai, ji murya. Lisandro ya shiga uku, tun ba a ɗaura ba an fara ba da oda."

Sauran suka bushe da dariya. Ba wanda ya motsa, har karen.

Ana haka Fijo ta shigo tana tsalle-tsalle, tayoyin baya na ƙara ƙyat-ƙyat a ɗan juyin da za ta yi ta tsaya. Lisandro ya fito ya cire hular kwano, gashinsa ya jiƙe, idanunsa na ƙyalli. Kyakkyawa ne, wannan ba ta taɓa musu ba, kuma ganin kyan nasa a wannan wurin ya ƙara ɓata mata rai. Da ya gan ta murmushin ya ɗan daskare, sannan ya dawo.

"Gri, ranki ya daɗe. Wa ya kawo ki? So na yi in ba ki mamaki."

"Wankin ke nan?"

"Za a wanke ta mana, me ake sauri? Kin san motar nan? Taska ce. Da tayoyin baya take ja, ba irin gwangwanayen yanzu ba. Shekara da shekaru tana kwance ƙarƙashin zani kamar gawa. Mun yi wa aksul ɗin baya walda, tayoyin suna juyawa tare, kin ga yadda take zamewa kamar sabulu?"

Kafin ta amsa, ɗaya ƙofar ta buɗe. Wani tsoho ya fito da ƙyar, yana dafe da rufin mota, hular kwano ta yi masa yawa. Ya cire ta. Mahaifinta ne, dattijon da ake kira Don Evaristo, wanda ya ce mata da safe ƙafarsa na ciwo ba zai je coci ba. Dariya yake yi har da hawaye, irin dariyar da rabonta da jinta tun kafin rasuwar Mama.

"Baba?"

Dariyar ta yanke. "'Yata... ni na ba shi izini. Kada ki ga laifinsa shi kaɗai. Ya ce sau ɗaya ne, a mayar da komai yadda yake kafin Asabar."

Abin ya soke ta ta wani wurin da ba ta shirya ba. Ta so ta yi fushi da shi, ta kasa, don fuskarsa ta yi ja kamar ta yaro. Ta juya ga Lisandro.

"To shi ke nan. An yi sau ɗayan. Ɗauki kujerar ka mayar yanzu, ina kallo."

Lisandro ya sosa ƙeya. Fermín ya yi tari a cikin ƙoƙonsa.

"Gri, ba a barin mota ta hau fili sai da ƙarfen kariya. Doka ce, ba ni na kafa ba."

Ta leƙa ta taga. Inda kujerar take a da, ƙarfe ne tsirara, an giciye shi da manyan bututu, an liƙe su da walda baƙa mai ƙuraje kamar miki. Maƙalan kujerar an yanke su sumul. Ba sai an yi mata bayani ba. Wanda ya kunna wutar waldar nan ya san babu kujerar da za ta sake komawa wurin, kuma ya sani tun ranar da ya sumbaci hannunta.

"Na riga na yi magana da wani," in ji Lisandro da sauri. "Sabuwar mota, fara fat, mai sanyi a ciki. Ke da za ki shiga da doguwar riga, me za ki yi da tsohuwar kujera mai warin kafur? Mama, Allah ya ji ƙanta, ai ba a cikin soso take ba."

Don Evaristo ma ya leƙa ta tagar, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya bi idon 'yarsa zuwa bakin wutar. Sai a lokacin ya ga kujerar.

"Ka ce mini tana ɗakin mahaifiyarka, a lulluɓe," in ji shi a hankali.

"Baba, wuri ne babu, kuma yaran nan suna buƙatar abin zama..."

Tsohon bai saurari ƙarshen ba. Ya taka, yana ɗingishi, ya tsaya a kan Fermín. Fermín ya kalli abokansa, ya miƙe yana gyara wando, sauran suka bi. Karen ne ya ƙi, sai da Griselda ta ɗaga gefen kujerar ya zame ƙasa.

Ta kama gefe ɗaya, mahaifinta ya kama ɗayan. Maiƙon ya manne mata a tafin hannu, wari na bugun fuskarta, na hayaƙi da giya da kare. Suka ratsa tsakanin motoci da tarin ƙonannun tayoyi, mutane na darewa suna kallo.

Lisandro ya biyo su har bakin ƙofa. "Haba Gri, a kan kujera? An gayyaci mutane, an sayi nama. Asabar fa?"

Ta tsaya don Baba ya huta. Ta dube shi sosai, tana neman mutumin da ta yi ta rubuta wa wasiƙu a zuciyarta, ba ta ga kowa ba sai wani mai baƙin mai a wuya.

"Ka riƙe motar," ta ce. "Ita ka nema, ka samu."

A bakin titi suka ajiye kujerar a kan ciyawa. Bas ba zai ɗauke ta ba, sai dai su jira wani mai a-kori-kura da zai tausaya. Don Evaristo ya zauna a gefen hagu yana haki, hannunsa na shafa ƙunar sigarin.

"Na ji daɗin abin, 'yata," ya ce, bai dube ta ba. "Shi ne ya fi ba ni kunya."

"Na gani, Baba."

Daga bayansu ihun tayoyi ya sake tashi. Griselda ta goge hannunta a rigar da ta riga ta lalace, ta ciro waya ta miƙa masa.

"Kira Fada na cocinmu. Ka ce masa kada ya jira mu ran Asabar."