Baƙin da Suka Sauko daga Silin

Katifar auduga ba ta kamawa da wuta kamar itace, sai dai ta yi ta hayaƙi tana cinyewa a hankali. Tela ya tsaya a tsakar gida da galan ɗin kananzir a hannu, ya kasa ɗaga ido ya dubi mahaifiyarsa. A kan katifar nan mahaifinsa ya yi jinya, a kanta ya cika. Inna na zaune a bakin ƙofa ta yi tagumi.

"Ƙara mata, ɗan nan," in ji ta. "In dai takwarata za ta samu barci."

Takwarar tata jaririyar Tela ce, ko zama ba ta fara ba. Tun makon da Inna ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, jikin yarinyar ya soma yin rudu-rudu. Kowace safiya da sabon cizo, a wuya, a cinya, har a fatar ido. Kuka ya sa muryarta ta dishe. Matar Tela ita ma ta sosa hannayenta har sun yi jini, amma ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba. Sai a ɗaki take tsare mijinta da magana.

"Ni ban ce ita ce ba. Amma kafin ta zo da kayanta, ka taɓa ganin kuɗin cizo a gidan nan?"

"Uwata ce fa."

"Wannan kuma 'yarka ce."

Gaba kura, baya sayaki. Babu abin da bai yi ba. Ya kwarara wa gadaje tafasasshen ruwa, ya shanya zannuwa har rana ta koɗar da su, ya kira mai feshi sau biyu. A shago kuwa gyangyaɗi yake yi a kan keke. Ranar da ya ɗinka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mai wandon ya tambaye shi ko ya taɓa ganin yana ɗingishi. Tela ko murmushi bai yi ba, don ji ya yi kamar ya fashe da kuka.

An ƙone katifar, amma cizo bai tsaya ba. Washegari aka tashi da idon yarinyar ɗaya a kumbure, ba ya buɗuwa. Matar ta ce ita fa ta kai maƙura, za ta tafi da 'yarta gidan iyayenta. Inna ba kurma ba ce. Dama ta daina ɗaukar jaririyar, daga nesa take yi mata wasa. Ta shiga ɗaki ta ƙulle sauran tufafinta a zane, ta ce za ta koma wurin ƙanwar Tela, wadda take ɗaki ɗaya da miji da tarin 'ya'ya.

"Inna, ki yi haƙuri zuwa gobe."

"Haƙurin me? Tsoho da tsumma ai tafiyarsu ɗaya."

Tela ya ruga ya sake jawo mai feshi, kamar zai yaga masa riga. Mutumin ya shiga ɗakin Inna yana gunaguni, ya duba gadon da babu katifa, ya duba tabarma, bai ga komai ba. Ya miƙe zai gyara tankin da ke bayansa, sai idonsa ya kai saman bango. Daga wata tsaga a gefen silin, wasu abubuwa masu launin toka suna rarrafowa ƙasa. Ya ɗauko ɗaya ya murje, ya shinshina.

"Babu wari. Kuɗin cizo ja ne, kuma in ka murje shi sai ka toshe hanci." Ya ɗora wani a tafin hannu. "Ƙirga ƙafafun. Takwas. Kaska ce, irin ta tsuntsaye. Kuna da tantabaru?"

"A da dai suna shiga silin. Na kore su, na toshe ramin."

"Yaushe?"

Tela ya tuna lokacin. Da zai gyara wa Inna ɗaki ne ya kore su, don kada kukansu ya hana ta hutawa.

"Sheƙar fa, ka kwashe?"

"A'a."

"To, ka kori abincinsu ka bar su da yunwa. Ina za su nufa in ba kanku ba?"

Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa take. Suka ɗaure hanci da tsumma, suka hau tsani suka ɓalle falle ɗaya. Busasshiyar ciyawa da gashi da kashin tantabara suka zubo, ƙarƙashinsu kaska tana motsi kamar an watsa tsaba. Suka kwashe sheƙar a buhu, suka feshe katakon rufin lungu-lungu, suka liƙe kowace tsaga. Mai feshi ya ce sai an maimaita, don abin yana daɗewa ba ci bai mutu ba. Buhun kuma a kan tokar katifar suka ƙone shi, babu wani wurin.

Matar Tela ta fito da yarinyar a kafaɗa, ta durƙusa a gaban surukarta, tana hawaye. Inna tana zaune, ƙullin kayanta a kan cinya.

"Inna, ba ke ba ce," in ji Tela. "Ni ne. Ki kwance kayan."

Idon Inna yana kan hayaƙin. Ya karɓi jaririyar ya miƙa mata. Inna ta ajiye ƙullin. Sai da ta duba hannayenta ciki da bai, ta kakkaɓe zanenta, ta sake dubawa, sannan ta karɓa.