Dutsen Kaushi Daga Malabo

Ranar da labarin ya iso Sandamu, Larai tana sussukar gero. Ƙaninta Dabo ya miƙa mata waya, ta ji wata murya tana cewa Uwaisu ya rasu, mota ta zame da shi a gangaren dutse, har an yi masa sutura. Ta yi salati, ta mayar da wayar, ta ƙarasa sussukarta. Hawaye bai zo ba.

Uwaisu ɗanta ne, direba a Malabo, can tsibirin tsakiyar teku, yana kai baƙi yawon buɗe ido. In ya kira sai ya yi ta ba ta labarin dutsen da gajimare ke kwana a wuyansa, da tafkin da ke can sama, da bakin teku mai baƙin yashi.

"Inna, sai na kawo ki kin hau. Amma da wannan kaushin naki, dutsen ne zai ji ciwo."

"Ja'iri kawai," takan ce.

Yanzu abu ɗaya ya tsaya mata a rai: a wace irin ƙasa aka kwantar da shi?

Bayan sadakar arba'in abokinsa Maharazu ya kawo jakarsa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya kama yabon Malabo, wai ko'ina kore shar.

"Ba kyan gari na tambaye ka ba," in ji Larai. "Da tukwane kuka rufe shi ko da itace?"

"Katako, Inna. Ba a ginin tukwane a can."

"Ya kalli alƙibla?"

"Ya kalla."

"Ƙasar fa? Yashi ce ko laka?"

 Sai Maharazu ya buɗe jakar, ya ciro wani baƙin dutse mai ƙananan ramuka, marar nauyi.

"Duk ƙasar irin wannan ce. Shi ya tsinto miki tun azumi, ya ce na kaushi ne."

Ta juya shi a tafin hannunta, ta shinshina. Ba ta ƙara tambayar komai ba.

Kullum bayan sallar asuba takan zauna a bakin rariya, ta jiƙa dutsen da ruwan buta, ta goge dugaduganta. Kaushin yana nan. Dutsen ne yake ta raguwa, shi ya sa ba ta dannawa da ƙarfi.