Rigar Maɗauri

Tun yana saurayi Ɗanbaba ya ƙware wajen yi wa kwandon tumatir fuska: ƙanana da masu tabo a ƙasa, manya jajaye a jere a sama, har mai saye ya tsaya yana haɗiyar yawu. Daga Kura zuwa Bunkure ba a kai shi iya wannan jeri ba. Sai dai sana'ar ta bar masa ciwo guda, bai yarda da duk abin da aka rufe ba. Ko buhun taki ya saya sai ya zura hannu har ƙasa. Mugu shi ya san makwancin mugu.

Da aka sanar za a rufe ruwan kanal na noman rani don yasa, ya haƙa rijiya a gonarsa, ya sayar da tsohon injinsa na fetur, ya sa Hashimu, ƙanin matarsa, ya haɗa masa famfon sola. Tumatirinsa na gab da fure, kuma ba shi da wata gonar sai ita.

Da aiki ya kammala, saura a ɗaure wayar wuta a jikin bututu, Hashimu ya zazzage maɗauran ƙarfe iri biyu a kan buhu. Wasu farare tas suna sheƙi, wasu sanye da baƙar rigar roba.

"Duka ƙarfen da ba ya tsatsa ne, Yaya. Farin na ɗaure bututu ne. Waya kuwa mai rigar za ka sa mata."

Ɗanbaba ya juya baƙin a hannu. "Wannan na ga cikinsa, wannan kuwa cinikin biri a sama. Wa ya ce maka ba gwangwani aka tufatar ba?"

"Ba kowa ne ke jera kwando irin naka ba," in ji Hashimu yana dariya. "Famfo na jijjiga, gefen ƙarfe kuma da kaifi. Ka sa baƙin, ka ja da kyau." Ya kwashe fararen, ya hau babur, ana jiransa a Kadawa.

Ɗanbaba bai ƙi maganar ba, mai rigar ya ɗauka. Amma ya zauna a inuwar darbejiya ya zaro wuƙa, don gani ya kori ji. Ya feƙe na farko, ƙarfe ne mai kyau. Ransa bai kwanta ba, ai shi ma na saman kwandonsa masu kyau ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tuɓe musu riga, ko guda bai samu da algus ba. Har tausayin masu ƙera su ya ji, mutanen da suka rufe abu alhali ba su da abin ɓoyewa. Ya ɗaure wayar tam, ya tafi gida da farin ciki.

Famfo ya yi ta aiki, yana rawa a hankali, ƙarfe na cin fatar waya. Wata rana da tsakar rana, gona ta yi rawaya da fure, ruwa ya tsaya cak, akwatin da ke sarrafa wutar famfon yana hayaƙi.

Hashimu ya durƙusa ya bi wayar da yatsa har ya iske yankan. Ya dubi maɗaurin tsirara, ya dubi baƙaƙen ɓawon roba da ke zube a gindin darbejiya.

"Yaya, ina rigunan?"

"Dubawa na yi," in ji Ɗanbaba a hankali. "Duk na kirki ne."

"Na kirki ne kam."

Akwatin ya ƙone, an nemi irinsa a Kano ba a samu ba, sai an aiko daga Legas. Ɗanbaba ya zaga neman aron inji, kowa nasa na bakin rijiya tunda kanal a bushe yake. Ya ɗebi ruwa da guga har kafaɗunsa suka sage, amma guga ba ya shayar da eka. Yana tsaye furen ya riƙa zuba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Kafin ruwa ya dawo, abin da ya ƙullu bai fi ƙwan zabo girma ba.

Ranar kasuwa ya kai 'yan kwandunan da ya samu. Ya tona, ya sake tonawa, bai sami manyan da za su rufe saman ko ɗaya ba, sai ya bar su haka. Fatihu dillali, wanda ya san hannunsa shekara da shekaru, ya zura hannu har ƙasan kwando, ya fito da tumatir ya gwada da na sama.

"Ikon Allah," ya ce. "Ɗanbaba, bana ka tuba ke nan? Sama da ƙasa duk ɗaya."