Ranar da Yaya Ta Kushe Gidan Ubanta

"To sai dai a sayar da ni tare da shi," in ji Yaya. "Ka gaya wa dillalin naka ya sa ni cikin kayan gida. Ɗaki biyar, kicin, banɗaki, da tsohuwa ɗaya mai ciwon gwiwa."

"Yaya, don Allah ki bar wannan shaƙiyancin. Mutane suna hanya."

"Su juya mana. Ni na aika musu?"

Auta ya cire hular aikinsa ya share gumi da ita. Direban bas ne, furfura ta riga ta cinye masa saje, amma a bakin yayarsa har gobe Auta yake, kamar jiya ta gama goya shi. Tun da hantsi suke wannan ja-in-ja a falo, shayin da ta haɗa masa ya huce a kan tebur, ko kallonsa bai yi ba.

Gidan na ubansu ne, su biyu kuma suka rage a duniya. Yaya ta dawo cikinsa bayan rasuwar mijinta, ta yi jinyar Inna har Inna ta bi Baba, daga nan ta baje. Ɗaki ɗaya na kwana, ɗaya na kekunan ɗinkinta, ɗaya na ƙyallayen da take cewa wata rana za su yi amfani, sauran kuwa ƙura ce ke haya a cikinsu kyauta. Shi Auta yana can bayan tasha cikin ɗaki biyu, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, babbar har ta fara jin kunyar canza kaya gaban ƙannenta. Mai gidan ya ƙara kuɗin haya, ya sake ƙarawa, yanzu kuma ya ce ɗansa zai yi aure, a ba shi wurinsa. Ga gas, ga wutar lantarki, ga kuɗin makaranta, kowanne ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Shi ne Auta ya ce a sayar da gidan a raba, kowa ya sayi ɗan madaidaici.

"Madaidaici a ina?" Yaya ta ce. "Ka ga gidan sayarwa a garin nan da idonka?"

Nan kam ta yi gaskiya. Tun da siminti ya zama zinariya magina suka rataye cebur, wanda kuma yake da gida ya rungume abinsa kamar jinjiri. Dillalai sun koma zuwa gaisuwar mutuwa, baki yana cewa Allah ya jiƙan rai, ido yana ƙirga tagogi.

Akwai kuma maganar da ba wanda ya taɓa furtawa a cikinsu, wato Auta ya kwaso iyalinsa su dawo nan. Ruwa dai ba ya tsami banza. Tun ranar da matar Auta, tana amarya, ta ce labulen falon nan ya yi kama da na asibiti, Yaya ta raɗa mata Gimbiya, kuma ba ta sake kiranta da wani suna ba. Labulen nan Yaya ce ta ɗinka shi da hannunta.

Da aka ƙwanƙwasa ƙofa sai Yaya ta yi lumus. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta saki fuska. "Bari ni in zaga da su," ta ce. "Wa ya san gidan nan kamata?"

Auta ya dube ta da gefen ido. Ya san yayarsa, in ta yi laushi haka to akwai ƙaya a ƙasa. Ita kuwa ta riga ta gama shirinta. Shekarun da ta yi a kan keke sun koya mata cewa in kana so mai saye ya ajiye riga, ba sai ka hana shi ba, nuna masa inda ɗinki ya karkace kawai.

Dillalin ya fara shigowa, gajere, da takalmi mai tsini da turare kamar an fasa kwalba. Bayansa wani dogon malamin makaranta, tef ɗin awo ya leƙo daga aljihunsa, sai matarsa nas, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Dillalin ya ce sun daɗe suna nema. A ɗakin baya na gidan uwar mijin suke zaune da 'ya'yansu biyu, gadonsu da kujerunsu suna can jibge a garejin wani abokin aiki, ɓeraye suna ɗanɗanawa.

"Allah sarki," in ji Yaya. "To ku zo ku ga abin da ake so a ɗora muku. Ku kula da matakalar nan, ta tsakiya ta fi 'yan'uwanta tsawo. Ba wanda ya taɓa shiga gidan nan bai yi tuntuɓe ba."

Dillalin ya yi tari. "Ƙaramin gyara ne, ranki ya daɗe."

"Ai duk gidan ƙaramin gyara ne, yaro. Babanmu akawu ne a gidan waya, bai san komai a gini ba, amma ya rantse ba zai biya magini ba. Ranar hutu sai ya cire rigar ofis ya ɗaura tsohon wando da igiya. Ranar da ya zuba matakalar nan tabaransa ya faɗa cikin kwaɓin siminti. Da ido ɗaya ya ƙarasa. Inna ta ce a fasa a sake, ya ce a'a, ɓarawo zai kama da ita. Mutumin farko da ta kayar, shugabansa ne na ofis, ya zo taya murna da sabuwar kwat."

Nas ɗin ta ƙyalƙyale da dariya, har ta dafa bango. Yaya ta ɗan ji daɗi, ba ta ankara ba. Rabon da wani ya yi dariyar labarinta a gidan nan, ita kanta ta manta.

Suka shiga kicin. Ta murɗa famfo, ya yi wani gurnani kamar tsohon rago kafin ya tofo ruwa.

"Kun ji ko? Haka yake tun muna yara. Shi ne agogonmu. Da asuba in ka ji ya yi kuka, Inna ta tashi, saura kai. Wannan baƙin da ke silin kuma, wancan bawan Allah ne," ta nuna Auta da haɓa. "Ya ce zai soya wa Inna ƙwai ranar da take zazzaɓi. Ya ɗora mai ya tafi kallon ƙwallo ta katanga."

"Ba ƙwallo ba ne," Auta ya ce daga bakin ƙofa. "Ke kika aike ni in karɓo miki wasiƙa wurin mai kanti, kika ce in Baba ya ji za ki yanke min kunne."

"Rufe mana baki, ana maganar manya."

Malamin ya zaro tef yana auna faɗin taga. Matarsa kuwa ta tsaya gaban kantar da Inna take jera kwanuka, tana shafa katakon da ya yi santsi don taɓawa. "Nan hasken safe yake shigowa ko, Mama?"

"Har kan murhu," Yaya ta ce, tun kafin ta kama bakinta. Sai ta yi maza ta ƙara, "Da zafi fa! Zafi kamar gidan burodi."

A ɗakin Inna ta nuna musu inda rufi yake yoyo. Ta yi niyyar ta ce da damina mutum da lema yake kwana, amma bakinta ya ɗauke ta ya yi wani wajen. Ta ba su labarin yadda Inna take jera roba da tukunya da kofi a ƙarƙashin ɗigon, kowanne da muryarsa, su kuma su hau gadonta su duka su dunƙule cikin bargo ɗaya, Baba yana daga falo yana rantsuwa gobe zai hau ya gyara. Goben nan har ya koma ga Allah ba ta zo ba. Ta faɗi yadda ƙanwarsu ta tsakiya, wadda ba ta yi tsawon rai ba, take sa wa kowane ɗigo waƙa. Da ta waiga sai ta ga nas ɗin tana share ido da bayan hannu, malamin ya daina awo, dillalin kuwa yana murmushin wanda tsuntsu ya faɗo masa gasasshe.

Nan ta farga. Baki shi ke yanka wuya. Ta fito kushe gida, ga shi ta yi masa tallan da dillalin ko ya shekara yana zuba ba zai iya ba.

"Muna so," nas ɗin ta ce wa mijinta, ba ta ko rage murya ba. "Da yoyon, da famfon, duka. Yau ɗin nan a gama magana."

Saura abu ɗaya a hannun Yaya. Ta ja su ta mayar da su falo, ta buga tafin hannu a kan bangon da ya raba falon da wani ɗan ƙaramin ɗaki. Bangon ya turo ciki a tsakiya kamar mai juna biyu.

"Ku dubi wannan. Ko makaho ya shafa ya san ba aikin kirki ba ne. Wata rana a kan wani zai kwanta. Da can falon nan har taga ta biyu ya kai. Sai wannan ya fara gemu, ya ce shi ba zai ƙara kwana cikin mata ba. Baba ya ce to ɗauko cebur. Su biyu suka yi shi, uba makaho ɗa gurgu, suna yi suna faɗa."

"Ƙasan ne nasa," Auta ya ce a hankali. Ya matso, ya sa hannu daidai ƙirjinsa a jikin bangon. "Daga nan zuwa sama ni na jera. Duba, ai saman a miƙe yake."

"A miƙe kamar wutsiyar kare."

"Shi da kansa ya faɗa. Ya ja baya ya duba, ya ce, kai, hannunka ya fi nawa." Auta ya shafa bangon. Baba ba mutum ne mai yabo ba, Yaya ta sani. Har ya mutu in ka yi abin kirki iyakarsa ya gyara zaman tabarau.

"Wannan ba matsala ba ce," in ji malamin, da zuciya ɗaya, yana nannaɗe tef. "Dama ba ya ɗauke da rufi. Yini guda za a rushe shi, falon ya dawo da girmansa."

"A rushe wa?" in ji Auta.

"Bangon, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa?"

Dillalin ya shiga tsakani yana murza hannu. "Ai in an saya, yallaɓai, mai gida ne da..."

"Kai kuma da ka zo nan kana ƙamshi," Auta ya juyo kansa, "in an saya, ni ina za ka kai ni? Kana da wani gidan a hannu?"

Dillalin ya dubi tsinin takalminsa. "Ana sa rai. Akwai wani tsoho a bayan kasuwa, jikin nasa dai..."

"Ka ji ko!" Yaya ta tafa hannu. "Sai wani ya mutu za ka samu wurin kwana." Ta dubi ƙanenta, ta ga yadda ya tsaya ya ba bangon baya kamar mai tare wa yaro duka, sai maganar da ta yi shekara da shekaru maƙale a wuyanta ta fito da kanta, a karkace. "In dai wuri ne, ga ɗakuna nan ƙura tana kwana. Ƙyallayen nan ma na gaji da su. Ka kwaso yaran. Ita ma Gimbiya ta zo, in labule ne ta rataya nata."

"Kin yarda ki daina ce mata Gimbiya?"

"Kada ka wuce gona da iri. Na ce ta zo."

Auta ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya dubi malamin, kunya ta kama shi. "Malam, ku yi haƙuri. An ɓata muku lokaci. Gidan ba na sayarwa ba ne."

Malamin ya gyaɗa kai, irin na wanda ya saba jin haka, ya mayar da tef aljihu. Amma matarsa ba ta motsa ba. Ta tsaya a tsakiyar falon, jakarta a rungume a ƙirji.

"Na roƙi wata ta riƙe min aiki don in zo nan," ta ce. "Na bar marasa lafiya a kwance. Kun san gida nawa muka shiga? Ko'ina sai mun cire takalmi, mun gaishe da mutane, mun yaba musu tagogi, sannan a ce an fasa, ko wani ya riga mu. Amma ba inda aka zaunar da ni aka sa na ga 'ya'yana suna gudu a tsakar gida sai nan."

"'Yata," Yaya ta fara, "ni fa kushe shi nake..."

"Kushe? Mama, ke kaɗai cikin ɗaki biyar, ƙanenki da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu, in ji dillalinku, kuma sai da kuka ɗauko mu daga wata unguwa kafin ku iya yi wa juna magana? Mu ne abin wasanku?"

Yaya ta sunkuyar da kai, ita da ba a taɓa kayar da ita a magana ba.

"Zo mu tafi," malamin ya ce, ya kama hannun matarsa.

Ta fizge. "'Yata ƙarama ta tambaye ni da safe ko yau za mu samo gidanmu. Ku ba ni labarin da zan kai mata, tunda kun iya labari."

Ta juya, ta ratsa ta gaban dillalin har sai da ya ja da baya, ta fita, ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa tagogin falon suka amsa.