Wuyan Hannun Muhyiddin

…har da anko, Rahmatu. Kore da fari. Don ɗanki ya fito a talabijin kika yanka wa matan layinmu atamfa, ni ma kika aiko min da ɗankwali. Na gode. Ga shi nan, da shi nake sauke kasko.

Ina hango ki ta ƙofar gidan kallo, layin gaba, kujerar roba mai hannu — uwar ɗan ƙwallo. Ni ina waje ina suyar doyata kamar kullum, hayaƙin janareta yana cika min hanci. Unguwarmu Azuba kaf ta taru da ranar nan tsaka, wai ana gasar duniya ta yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Yara. Ɗanladinki ne yaro? To ai ni ma budurwa ce.

Kin manta ne, ko kin ɗauka ni na manta? Ranar da aka kawo ni gidan miji kika shigo ganin amarya da shi a bayanki. Kika sauke shi, ya taka da ƙafarsa har bakin gado, ya hau cinyata, ya sakar min fitsari a zanen amarci. Mata suka rangaɗa guɗa, wai alamar haihuwa ce. A ranar, Muhyiddin ɗina ko a mafarki babu shi… sai da na ga damina biyu kafin na samu cikinsa. Shi sha shida yake yanzu. Ki lissafa naki, ai ba ki rasa yatsu ba.

Mai ya yi zafi. Juya, Dijatu, juya.

Tare aka kira su Abuja, wurin zaɓen 'yan wasan ƙasa. Mota ɗaya, jaka iri ɗaya, ni na soya musu guzuri su biyun. Can aka kwantar da su cikin wani inji mai ɗaukar hoton wuyan hannu, wai in ƙashin ya haɗe, shekarunka sun wuce. Naki, tsinken tsire, ci-ba-ƙiba, inji ya ce yaro ne ɗanye. Nawa da na haifa jiya-jiya ya ce ya tsufa. Inji! Shi ya yi naƙudar? Shi ya tauna masa abinci? Yana ina ranar da aka yanke cibi?

Iya, mahaifiyata, ta ce ruwan gishiri ne. Duk hutun makaranta yana Keana wurinta yana taya ta dafa gishiri, tulu a ka, itace a kafaɗa, wai aikin ne ya ƙone masa ƙashi da wuri. Koci Oliver kuma ya ce injin yana kuskure wani lokaci, a yi haƙuri. Haƙuri… a bakin wanda ba ɗansa ba ai abu ne mai arha.

A ci su, Allah Ka sa a ci su. A zura musu har raga ta yage — astagfirullah, ƙasata ce. To sai me? Ƙasar ta san sunana?

Abin da ya fi ci min rai ba ƙwallon ba ce. Ni ce na zama maƙaryaciya. A famfo, a wurin niƙa, da na juya baya sai ƙus-ƙus: Dijatu ta rage wa ɗanta shekaru, inji ya tona ta. Yaran layi suna kiransa Baba Tsoho. Shi kuwa tun da ya dawo ya haɗiye muryarsa. Gaisuwa da ka, amsa da ka. Ya zauna a bakin katifa yana juya hannunsa yana kallo, kamar wani ne ya ba shi aro. Rannan ya ɗago ya tambaye ni, ƙasa-ƙasa, ko na tabbata da shekarar da na haife shi. Ni. Ɗana ya tambaye ni ko na tabbata.

Ke kuma kina can ana yi miki fifita.

Ɗazu Muhyiddin ya wuce ta gabana, bai ɗauki ko yanka ɗaya ba, ya shige gidan kallon can baya inda babu haske. Me ya je gani? Rigar da aka cire masa a jikin wani?

Ga wannan kuma da waya a hannu. Terngu, yaron gidan rediyo, yana ta washe baki. Wai ke kika turo shi, kin ce ya je wurin Dijatu, ita ta raini Ɗanladi.

"Mama, ke neba ne, maƙwabciyarsu, ko? Abeg ki ba mu labari kaɗan, yaya ɗan wasanmu yake lokacin yana ƙarami. Muna kai tsaye."

Kai tsaye. Lafia duka tana ji, har Assakio. Rahmatu, raini ne wannan ko amana? Kin san abin da na sani. Kin san jimla ɗaya ce — zanen amarcina — gobe a dawo miki da shi a jirgi, ankonki ya zama tsumma, a famfo a sauya wadda ake nunawa da baki. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To nawa ya cika, ya kawo wuya.

Amma ya zo sallama ranar da zai tafi, Ɗanladin. Ya durƙusa nan gefen murhu, ya ce Umma a yafe masa, ya kasa kallon idona. Na sa masa albarka kuwa? Bakina dai ya motsa.

Bar wannan. Nawa fa, wa ya tausaya masa?

"Na san shi," in ji bakina. "Na san shi tun…"

Kwanon rufin gidan kallo ya ɗauki ƙara, benci yana faɗuwa, an ci, mun ci, wa ya ci? Sunan ɗanki suke kira. Murya ɗari, amma guda ɗaya ta huda sauran ta iso ni. Na san ta. Ko cikin kasuwa zan tsince ta. Muhyiddin ne yake ihu, har muryar tana tsagewa, Ɗanladi, Ɗanladi, ɗan layinmu…

Murna ce? Kuka ne? Daga nan ban iya rabewa. Ni dai na ji ta, bayan duk watannin nan, kuma ba ni ce na fito da ita ba. In na ƙarasa maganar nan, sunana zai wanku. Shi fa — ya sake yin shiru, wannan karon da hannuna?

Wayar tana nan daf da leɓena, Terngu ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya matso.

"Tun yaushe, Mama?"